Turups Ba Shi Da Uba

Shekara talatin ke nan da muka binne yayana Tanko tela, mutumin da in ya fusata har kajin Gumbihini ke komawa akurki da rana tsaka. Ya tafi ya bar min fushin, ina nan ina kiwonsa.

A shekarun yunwar nan, lokacin da kowa ke ƙara wa bel ɗinsa huji, sojoji suka faɗo kasuwar Tamale farautar 'yan kalabule, masu ɓoye kaya. Suka sami sabulu a ƙarƙashin teburin matarsa Asibi, sabulun da ba zai isa wankan jariri ba. Suka kwantar da ita gaban jama'a, aka zane ta. Da yamma rediyo ya ce "turups" sun tsabtace kasuwa. Kalmar Bature ce, wai sojoji a dunƙule, babu wane babu wane.

Amma Asibi ta ga fuskar mai bulalar. Sule ne, ɗan Baba Isaka mai shanu na Sagnarigu, yaron da kokon da ya sha a gidanmu zai cika tanka.

Mu a zongo, in ɗa ya yi laifi, ubansa ake kai wa ƙara. Yaya ya zura babbar riga ya ja ni. Baba Isaka ya shimfiɗa mana tabarma, ya sa aka kawo nono, ya saurara tsaf. Sai ya sunkuyar da kai.

"Tanko, ɗana, wannan aikin turups ne, ba na Sule ba."

"Baba, shi turups ɗin, wa ya yanka masa ragon suna? Nuna min gidan ubansa in je!"

Ba a nuna ba. Yaya ya rasu yana jiran a ce wa matarsa "yi haƙuri".

Da zai leƙo yau ya ji ana cewa "jami'ai ne", "wasu ne", wallahi sai ya taka rediyon. Sule kuwa ya zama Alhaji, sahun gaba, carbi har gwiwa.

Keken ɗinkin Yaya ya yi tsatsa, shagon ya zama na cajin waya. Abin da ya rage shi ne, a gidanmu ba wanda ya isa ya ce "yara ne suka fasa kwano". Sai ya faɗi suna.

To, ga suna. Alhaji Sule, Asibi tana Gurugu wajen 'yarta. Ta tsufa, amma kunnenta garau. Kar ka ɗebo dattawa su tare maka gaba. Kai kaɗai ka zo.