Anti Tabarau da Masu Wankin Ƙoda

Kullum ita ke fara shiga ofis. Za ta rataye mayafi a bayan kujera, ta goge tabarau da gefen ɗankwali, ta kunna kwamfuta, sannan ta shiga karatu tana bin allo da yatsa kamar 'yar firamare. Anti Tabarau abokan aiki ke ce mata. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, amma ko a gidansu ba kowa ne ya san me take yi ba. Mijinta ma in an tambaye shi sai ya ce, "Duba rubutun yara take yi, sai dai yaran nata duk da gemu."

Kamfaninsu yana haɗa wa asibitoci mataimaki na na'ura, irin mai basirar nan da ke amsa saƙon majinyata, ya kuma aiwatar da abin da suka nema. Yana da kayan aiki kala-kala: na ba da ranar ganin likita, na ɗage ta, na soke ta. Sai dai ba ya ganin cikinsu. Ɗan bayanin da injiniya ya rubuta a kan kowanne, shi kaɗai yake karantawa ya zaɓi wanda zai ɗauka. Aikin Anti shi ne auna wannan bayani: ya faɗi ainihin abin da kayan ke yi? Ya faɗi inda bai kamata a taɓa shi ba?

Abin da ya faru bara, har yau Dogo yana ba da labarinsa. Dogo injiniya ne, haziƙi, mai saurin hannu. Anti ta tafi hutu wajen 'yarta da ta haihu, shi kuwa ya ƙara sabon kayan aiki ga sashen wankin ƙoda na wani asibiti. Ana sauri, aka sake shi ba a jira ta ba.

Ranar da ta dawo, ko gaisuwar barka ba ta gama amsawa ba ta buɗe bayanin. Layi ɗaya ne: yana cire majinyaci daga jadawali. Ta karanta, ta sake karantawa.

"Dogo, zo nan. Cirewar nan ta rana ɗaya ce ko ta har abada?"

"Ta har abada ce, Anti. Ta wanda ya rasu ko ya koma wani asibiti."

"To ina ka faɗa masa haka?"

Dogo ya duba layin, babu inda ya faɗa. Ta rubuta wa mataimakin saƙon gwaji kamar majinyaci: gobe ba zan samu zuwa ba. Kafin ta ɗauke hannu, mataimakin ya amsa cikin ladabi cewa an cire shi. Ta duba. Ba goben kaɗai ba, duk ranakun da ke gaba sun tafi, an kuma buɗe gurbin ga wani.

"Innalillahi," ta ce a hankali. "Tun yaushe abin nan yake aiki?"

"Tun makon jiya."

Dogo ya zauna a ƙasa. Mai wankin ƙoda in ya rasa zama ɗaya ko biyu, maganar rai ake yi. Wata a ofis har ta ɗora hannu a ka.

Anti ba ta ɗaga murya ba. Ta sa aka dakatar da kayan nan take, ta kira babbar nas ta sashen. Nas ɗin ta duba, sai aka ji ta tana salati ta waya. Mutane da dama sun ɓace daga jadawali ba wanda ya lura. Cikinsu har da wani tsoho da ya ɗage zuwansa saboda jana'izar ƙanensa. Da aka kira gidansa, 'yarsa ta ce tun jiya ƙafafunsa suka kumbura, numfashi yana yi masa wuya, su kuma suna zaune suna jiran saƙon sabuwar rana. Kafin azahar yana kan na'urar wanki.

Sai da aka mayar da kowa gurbinsa sannan Anti ta ja kujera kusa da ita, ta dubi Dogo. "Tashi, ɗana, zo mu rubuta shi yadda ko baƙo ya karanta ba zai ɓata ba." Suka rubuta abin da kayan ke yi, da wanda ake yi wa shi, da cewa ba ya juyuwa, kuma kada a taɓa shi sai nas ta tabbatar. Daga ranar kamfanin bai ƙara sakin komai ba sai wani ya auna bayaninsa.

Anti, ke ce mai tsayawa a kan kalma ɗaya har sai ta faɗi gaskiyarta. Ke ce wadda in aikinki ya yi kyau ba a ganin komai, sai mutane su je asibiti su dawo gida lafiya. Mun yi ta ce miki kin cika ƙwaƙƙwafi, ashe rayuka kike tsarewa.

Mun gode, Allah Ya sa ki huta cikin jikokinki lafiya. Ku kuma masu tasowa a wannan sana'a, ku yi koyi da ita. Duk ranar da gajiya ta sa kuka ce "ai zai gane abin da nake nufi", ku dakata. Na'ura ba ta san zuciyarku ba, abin da kuka rubuta shi za ta aikata, kuma a jikin wani zai ƙare.