Ruwan Zafi a Ƙafar Mama

Motar Baba ta girme ni. Ya saye ta yana ƙaramin ma'aikaci a sakatariya, kuma har ya yi ritaya bai taɓa maganar canza ta ba. Fara ce da can, amma a shekarun da nake magana a kai ta riga ta koma launin kunun gyaɗa. A cikinta aka kai mu makaranta ni da ƙannena, a cikinta aka kai ni ɗakin miji a Malali, kuma da ita Baba ke kai Mama asibiti duk Talata tun da ciwon sanyin ƙashi ya kama ta.

Wata Talata cikin damina na zo gida Unguwar Dosa don in raka su. An kwana ana ruwa, gari ya yi sanyi, sai Baba ya kunna hita kamar yadda ya saba, domin ƙafafun Mama ba sa shiri da sanyi. Ba mu yi nisa ba ta janye ƙafa da sauri.

"Alhaji, tsaya! Ruwan zafi ke zubo mini."

Na leƙo daga baya. Wani jan ruwa mai tsatsa na ɗigowa daga ƙarƙashin dashbod, wato allon gaban mota, ya jiƙa mata takalmi da gefen zane. Gilashin gaba ya yi hazo har Baba na gogewa da hularsa. Allah ya taimaka ba ta ƙone ba, fatar ce kawai ta yi ja.

Makanikan unguwar Kawo suka duba suka ce ƙaramin lagireto ne ya huje, wanda ke ɓoye a bayan dashbod. Ruwan zafi daga inji ke bi ta cikinsa, fanka ta huro ɗumin cikin mota. Kafin a kai gare shi sai an kwance gaban motar gaba ɗaya, kuma babu wanda ya yarda ya taɓa wayoyin da suka shekara talatin ba a motsa su ba.

"Alhaji, wa ke kunna hita a Kaduna?" in ji babbansu. "Mu haɗe maka tiyo biyun nan, ruwa ya daina bi ta ciki, shi ke nan."

Haka aka yi, don dai motar ta tashi. Mama ta koma naɗe ƙafafunta da bargo, tana cewa ba komai. Amma ni na ga yadda take cije leɓe in za ta fito daga mota, Baba ma ya gani. Mako biyu yana zagaya motar da safe yana tsaki.

Mama ce ta faɗi abin da kowa ke tunani. "Ka san wanda zai iya. Ka kira shi mana."

Tsohon maƙwabcinmu take nufi, wanda muke kira Kawu. Mutumin kudancin Kaduna ne, Kirista, makanike a garejin gwamnati har ya yi ritaya. Shekara ashirin katanga ɗaya ce tsakaninmu. Da Kirsimeti matarsa kan miƙo shinkafa da kaji ta saman katangar, da Babbar Salla Mama ta miƙa cinyar rago. Duk Asabar shi ke duba motar Baba, suna tsokanar juna: Baba na ce masa Injiniya, shi yana ce wa Baba Akawu. A wata shekara da gari ya rikice suka tashi suka koma ƙetaren kogi. An yi zumunci sau biyu ko uku, daga nan sai saƙon gaisuwa. Da matarsa ta rasu labari bai iso mu ba sai bayan wata guda. Baba ya ce gobe zai je, gobe ta zama mako, mako ya zama shekara, kunya ta hana shi. Shekara shida ke nan ba su ji muryar juna ba.

Ni na nemo lambarsa a wurin 'yarsa, wadda muka yi aji ɗaya. Baba ya riƙe wayar kamar za ta ƙone shi. Da aka ɗauka ya yi sallama, ya fara kame-kame. Daga can na jiyo muryar Kawu.

"Akawu? Har yanzu kana fama da wannan akwalar?"

Ranar Asabar da hantsi keke napep ya sauke shi a ƙofar gida, riƙe da akwatin ƙarfensa na kayan aiki, shuɗin nan da na sani tun ina yarinya. Ya rame, kansa ya yi fari fat. Mama ta fito tana ta "lale, lale," sai kuka ya ƙwace mata. Suka yi musabaha da Baba. Baba ya buɗe baki zai yi magana, Kawu ya miƙa masa sifana.

"Cire kan batir tukuna."

A ƙarƙashin bishiyar mangwaro aka yi aikin. Kawu ya zubar da ruwan lagireto a bokiti, ya sassauta sitiyari ya sauko da shi, ya cire rediyo da akwatin ajiyar takardu. Idonsa ya yi rauni, don haka ya ce in shigo in zauna kusa da shi.

"'Yata, ke ce idona yau. Wannan wayar wane launi ce?"

"Kore da ratsin fari, Kawu."

"Manna mata filasta, ki rubuta fitila."

Haka muka bi su ɗaya bayan ɗaya. Notuna kuwa a farantan Mama muka jera su, na dama daban, na hagu daban. Hannunsa na rawa in ya ɗauki kofin shayi, amma da ya cusa shi bayan dashbod sai ya natsu, yana lalubo noti a wurin da ba ya gani. Da dashbod ɗin ya fito muka tarar da abubuwan da motar ta haɗiye: murfin biro, ƙwallon dabino, da ɗan kunnen Mama guda da aka taɓa yi wa ƙanwata faɗa a kansa.

Wajen azahar ya zaro ƙaramin lagireton. Bai fi girman littafi ba, ya yi kore da tsatsa. Ya toshe baki ɗaya da yatsa, ya nutsa shi a baho, ya hura ɗayan. Kumfa ta taso ta wuri huɗu.

"Wannan ya gama aikinsa. Ko an like da darma, wani wurin zai buɗe. Sai mun samo wani."

Lahadi yana da coci, saboda haka motar ta wuni a buɗe, wayoyi na reto kamar hanji, Mama ta rufe ta da tsohon zanen gado. Litinin da safe shi da Baba suka hau keke zuwa kasuwar Panteka neman wani a wurin masu tsofaffin kayan mota. Baba ya ba mu labari daga baya cewa sai da Kawu ya sa aka kawo bokitin ruwa, ya hura guda uku ya ƙi su, masu kayan na ta gunaguni, kafin ya yarda da na huɗu.

Wajen mayar da shi ne maganar ta fito. Kawu na kwance rigingine a ƙasan motar, kansa ƙarƙashin dashbod, ƙafafunsa a waje. Baba na tsugune yana haska masa tocila, ni ina riƙe da faranti.

"Injiniya," Baba ya ce, "ban zo maka gaisuwa ba."

Sifanar ta tsaya.

"Na sani. Na yi ta duban hanya."

"Ba ni da abin cewa. Ka yafe mini."

Sannan Kawu ya ce, "Kwana biyu kafin ta tafi ta tuna da miyar kukar Hajiya. Na ce zan aiko a karɓo. Ni ma ban aiko ba." Ya ja hanci. "Haska nan, Akawu, kana haska mini ido."

Baba ya gyara tocilar. Hawaye na bin gemunsa, bai share ba, don hannunsa ɗaya na riƙe da tiyo.

Aka mayar da komai, kowace waya ta koma inda filastarta ta ce. Kawu ya cika lagireto da ruwa, ya bar murfin a buɗe, ya sa Baba ya tayar da inji har iskar ciki ta gama fita. Ya daɗe yana shafa ƙarƙashin dashbod da farin tsumma yana dubawa. Tsumman ya fito a bushe.

Rana ta take a lokacin, amma ya ce sai Mama ta shigo an gwada. Ta zauna a gaba, aka rufe gilasai, aka murɗa hita har ƙarshe. Cikin minti biyar duk mun jiƙe da gumi. Mama ta miƙe ƙafafunta tana murza yatsu.

"Ya isa, ku kashe kafin ku dafa ni!"

Kawu ya yi dariya har da tari.

Ya ɗauki akwatinsa zai nemi keke, Baba ya karɓe ya jefa a but ɗin motar. Ya ce shi zai kai shi har gida. Mama ta shiga ciki ta fito da kwanon miyar kukar da ta ɗora tun safe, ta ce da ita za a je. Na shiga baya tare da ita, Kawu ya zauna a gaba yana sauraren inji, yana cewa kafireto ma na son wanki.

Muka haye gada muka shiga unguwannin da ban taɓa takawa ba, yana nuna wa Baba hanya da hannu. 'Yarsa na tsaye a ƙofar gida da jariri a baya, ta rungume ni tana kiran sunan da ake tsokanata da shi a makaranta. Ana kiran la'asar daga nesa Kawu ya shiga ɗaki ya fito da sabuwar tabarma da buta, ya shimfiɗa a baranda, ya tsaya yana duban rana.

"Gabas nan ne, in ban yi kuskure ba," ya ce. "Ku yi salla, a ɗumama miyar."