Kilishin da Ke Cikin Bargon Amarya

Duk wanda ya taɓa ciniki da Haoua ta unguwar Bobiel ya san ba a tashi daga gabanta da abin da aka saya kaɗai. In gero ne, sai ta ƙara tafi guda. In zane ne, sai ta soka ɗan ƙullin turare a cikin ninkinsa. Gyara ke nan, kuma wajen uwarta ta gaje shi can Dogon Dutsi, inda tsohuwar ke cewa ciniki ba gyara tuwo ne ba miya.

Tana da shekara goma sha tara Illo direba ya aure ta ya kawo ta Yamai. Da Allah ya yi masa rasuwa ya bar ta da 'ya'ya huɗu, sai ta kama sayar da tera-tera, bargon nan na saƙar hannu da Zabarmawa ke kai amarya ɗaki da shi. Tana da wani tsohon masaƙi a Bukoki, ita ke zaɓar zare, ita ke faɗin launi. Ta daɗe a kasuwar Gran Marshe, har barguna masu laushi na kanti suka cika gari, masu saye suka ja baya. 'Yarta Safiatou ce ta ɗauki hotunan kayan ta sa a Fesbuk. Haoua ba ta yi karatun lakwal ba, amma ta iya danna wurin magana a Watsap, kuma bakinta bai taɓa gajiya da gaisuwa ba. Cikin shekara biyu 'yan gida da ke Faransa da Beljik suka san ta.

Wata rana wata Mariya, mutuniyar Gaya da ke zaune a Kanada, ta aiko da murya. Saura wata guda ta aurar da 'yarta.

"Inna Haoua, da tera-tera aka kai ni, da shi aka kai uwata. Ba na son yarinyar nan ta shiga ɗaki da bargon kanti."

Kwana goma sha biyu Haoua tana bisa kan masaƙi. Bargo ya fito baƙi da fari da ja, gwanin kyau. Da ta zo naɗewa, sai ta tuna Mariya ta ce shekara tara rabonta da gida. Ta sayo kilishi mai yaji, ta naɗe shi a takarda, ta cusa can tsakiyar bargon. Ba ta gaya wa kowa ba, don gyara ba a shelarsa.

A unguwar Plateau akwai wani Bazabarme, Sumana, mai aikin tura kaya ta jirgi. Ya saba da ita har ya bar buɗe ƙunshinta.

"Fofo, Tanti. Mi ke ciki?"

"Bargo ɗaya."

Ya rubuta, ta dangwala yatsa. A zuciyarta ba ta yi ƙarya ba, ai bargo aka saya.

Bayan kwana takwas muryar Mariya ta shigo, gaisuwar ma a gajarce. 'Yan duwan na can, masu binciken kayan da ke shiga ƙasa, sun riƙe kwalin. Karensu ya shinshino nama, alhali takarda ta ce bargo ne kaɗai. Ga biki saura kwana goma.

Haoua ta yafa mayafi ta tari taksi.

"Tanti," in ji Sumana, "ban tambaye ki mi ke ciki ba?"

"Ka tambaya. Na ce bargo."

"Shi kilishin da ƙafarsa ya shiga?"

"Gyara ne, ɗana. Ana rubuta gyara a takarda?"

"A can ko ƙwayar gyaɗa sai an rubuta. Nama kuwa, ko an rubuta ba ya shiga. Cutar dabbobi suke tsoro."

"Naman da ya sha rana, ya sha wuta, ya sha yaji? Wace cuta ta rage masa?"

"Sai ki je ki gaya wa karen."

Ya yi mata bayani a hankali. Suna iya cire naman su saki bargo, suna iya maido da kwalin duka, kuma in ya dawo, amarya ta riga ta tare. Ya ce bari ya rubuta musu cewa kuskure ne, wajen masaƙi abin ya faɗa ciki.

Haoua ta murza bakin mayafinta. Tsohon masaƙin nan ko haƙoran cin kilishi ba ya da su.

"A'a. Da hannuna na sa, da bisimilla kuma. Rubuta musu yadda zan faɗa."

Ta faɗa, yana juyawa da Faransanci. Ta ce ita ce ta sa, mai kayan ba ta sani ba. Ta ce a ƙasarmu in mutum ya saya ana ƙara masa ɗan abu don ya ji daɗi. Ta ce su yi yadda suka ga dama da naman, amma su ji tausayin yarinya su saki bargon. Sumana ya tura wa Mariya, ita kuma ta miƙa musu.

Kwana shida ba labari. Haoua ba ta yi wa kowa ƙorafi ba, sai dai Safiatou ta lura tuwon uwarta na komawa yadda aka kawo shi, kuma in ta sallame salla takan daɗe a kan buzu.

Rana ta bakwai, bayan la'asar, wayar ta yi ƙara. Tun kafin magana Haoua ta ji dariya a muryar Mariya. Sun cire kilishin, sun haɗa mata da takardar gargaɗi, bargo kuwa ga shi a kan cinyarta.

Haoua ta sauke numfashi, ta yi hamdala sau uku. Sannan ta tambayi abin da ya kwana bakwai yana cin ta.

"Karen nan, ya taɓa shi da baki?"

"Kwalin kawai ya shinshina, Inna."

"Duk da haka ki shanya shi a rana."

"Wace rana? Ƙanƙara ke zuba nan."

Da haka bargon ya tafi biki ba a shanya ba. Washegarin biki Mariya ta sake kira. Wai da aka shimfiɗa shi, sai wata tsohuwa 'yar Dosso ta ɗaga hanci ta ce wa ke ɓoye kilishi a ɗakin nan. Mata suka yi ta bin bargon suna shinshina suna dariya, ɗaya kuma ta koma gefe tana share ido.

"Kin ga ashe gyaran ya iso," in ji Haoua.

Ba ta daina gyara ba. Yanzu ragowar saƙar take karɓa wajen tsohon, ta ɗinka 'yar jakar carbi ta sa a kwali. In ta je Plateau, Sumana kan ɗaga biro ya dube ta.

"Bargo ɗaya, da mi, Tanti?"

"Da gyara. Rubuta shi."

Kilishin kuwa Sumana take kai wa, a takarda, ta aje masa bisa tebur.