Ɗahiru Magini da Ɗakin Bandar Kifi

Ɗahiru mutumin Gandi ne. Da kwaɓa ƙasa ya fara, yana bin maginan garinsu, har ya ƙware a aikin siminti, ya soma karɓar ƙananan kwangiloli tsakanin Rabah da Goronyo: kwalbati, ajin Islamiyya, shagon kasuwa. Gajere ne mai yawan raha. Duk wanda ya ba shi aiki, a gaban shaidu yake faɗa masa cewa abin da ya ɓaci kafin shekara ta zagayo, gyaransa na wuyansa.

Wata shekara matan da ke bandar kifi kusa da madatsar ruwa ta Goronyo suka ba shi ginin ɗakin banda. Ya gina, ya shafe shi sumul, ya koma gida. Ranar da suka fara hura wuta, hayaƙi ya ƙi bin bututun da aka yi masa, ya turnuƙe ɗakin, ya koro su waje suna tari. Shugabarsu, Hajiya Mashkura, ta kira shi a waya.

"Malam Ɗahiru, kifi munka ce za mu banda, ba kanmu ba."

"Subhanallahi! Mi yaf faru, Hajiya?"

"Taho ka gani da idonka."

Kafin azahar ya iso bisa babur tare da abokin aikinsa Lukman. Lukman ya leƙa, ya raɗa masa cewa iskar bakin ruwa ce, ba laifinsu ba ne. Ɗahiru ya sa aka hura wuta, ya shiga, ya ja ƙofa. Bai daɗe ba ya fito yana laluben bango, hawaye shaɓe-shaɓe, matan suna ta dariya har da riƙe ciki.

"Iska ba ta da laihi, Lukman," ya ce yana share fuska da hula. "Mu munka matse bututun ga. Ɗauko guduma."

Suka rushe shi, suka sake gina wani mai faɗi da tsawo. Bulo da siminti duk shi ya kawo. Hajiya ta ce ko kuɗin mai a ba shi, ya ce tuwo da miyar kifi sun ishe shi. Da aka sake hura wuta, hayaƙi ya miƙe sama, matan suka rangaɗa guɗa.

Ya koma Gandi yana ƙaurin banda, kyanwoyin unguwa na bin sa har zaure. Matarsa Turai ta tare ƙofa da bokitin ruwa da sabulu.

"Malam, ko kai anka gasa?"

Sai da ya yi wanka ta bar shi ya shiga.