Maman Lawali Shimi da Buhun Kanwa

In kun taɓa hawa babur ɗin kabu-kabu daga unguwar Zariya zuwa kasuwar Maraɗi, wataƙila a bayan Maman Lawali Shimi kuka zauna. Shi ne mai yi wa fasinja darasi ba a tambaye shi ba.

A Tibiri aka haife shi. Shekara guda ya yi a lise, wato babbar makarantar sakandare, aka sallame shi, amma bai fito hannu rabbana ba. Ya ɓamɓaro tablon sinadarai daga bangon aji, wannan mai gida-gida kamar gurabun dara, ya kafa shi a zaurensu. Tun daga nan gishiri ya daina zama gishiri a bakinsa, sai "auren sodiyom da kilor". Ko miya ta yi lami, cewa yake atom sun yi yaji. Shi ya sa aka laƙaba masa Shimi, sunan ilimin sinadarai da Faransanci.

To, mahaifinsu ya bar musu fage guda a fadamar Jiratawa, shi da ƙanwarsa Zuliha. Mijinta ya rasu, da tattasan fagen nan take ciyar da marayunta. Shimi kuwa, aikinsa zuwa ganin gona da takalmi sau-ciki.

Wata shekara takin zamani ya yi wuya, ga tattasai ya fara fure. Shimi ya tsaya gaban tablonsa, ya ɗora yatsa kan potasiyom, abin da shuka ke so in za ta yi 'ya'ya. Daidai samansa ga sodiyom, wanda ya cika kanwa. Wai shi nan ya gano abin da ya gagari Turawa! Ya ɗauro buhun kanwa dakakkiya a bayan babur.

"Yaya, kanwa fa? Wake za mu dafa a gonar?" in ji Zuliha.

"Ke dai jahilci bai yi ba. Layinsu ɗaya a tablo, 'yan ɗaki ɗaya ne. Kowanensu elektaron guda gare shi a bakin ƙofa, yana neman wanda zai ba. In babu wa, ai ƙane ya wadatar."

Ta ƙyale shi, don an ce babban wa uba. Ya barbaɗe fagen kaf, har yana fito, aka sako ruwa.

Kafin kasuwa ta zagayo, ganye ya ƙone ƙurmus. Ƙasa ta yi fari fat, ta daskare, ruwa ya kwanta a kai ya ƙi shiga. Zuliha ta ɓantaro ɓawon ƙasar ta danƙa masa a hannu.

"Yaya, ni da kai ma ɗakinmu ɗaya. Ka ga halinmu ɗaya?"

Yanzu a fagen maƙwabta take tsinkar tattasai a biya ta da kwano, nasu kuwa ko ciyawa tana ƙyamarsa. Shimi na nan kan babur. In kuka tambaye shi zancen, zai waiwayo, ga mota tafe, ya ce muku tablo bai taɓa ƙarya ba, ƙasar Jiratawa ce ba ta yi lakwal ba, ko ƙofar aji ba ta taɓa takawa ba.