Tutar Maharazu da Shuɗin Layi

"Baban Siddiqa, ina bulata?"

Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da na Baba Maharazu a Yammedi, ita ma ba doguwa ba. Ina zaune da kofin kokona da safiyar Laraba na ji komai, ban ko tashi daga tabarma ba.

"Wace bula kuma?"

"Ƙulli goma sha biyu da na ajiye a kan taga. Ga fararen kayanka a jiƙe, na zo sakawa babu ko ɗaya. Tokar murhuna ma ta mako guda an kwashe tas."

"Aikin gari na yi da su."

"Garin ne ya ce ka rina toka?"

"Ke dai ki bari. Wayarki ma zan ara ranar Asabar."

Sai dariyarta ta tsallako katanga.

"Wayar tawa? Wadda ka ce almubazzaranci ce? Ai kai ba waya kake buƙata ba, tabarau kake buƙata. Shekaranjiya turmi ka yi wa sannu da aiki, ka zaci aminiyata Talatu ce a tsugune."

"Rumasa'u, rage murya!"

"Yaushe aka san ni da ƙaramar murya?"

Gaskiya ta faɗa. Rumasa'u ce mai guɗar unguwarmu. In ta rangaɗa a gidan biki, 'yan acaɓa a bakin titi sukan juyo. Mijinta kuwa, Baba Maharazu, sana'arsa saita dish na talabijin, yana hawa rufin mutane daga Karaye har Rogo yana juya faifai har hoto ya fito. Amma ba da wannan aka san shi ba. Maharazu Mai Tuta ake ce masa, don shekara ashirin da biyu ke nan shi yake riƙe tuta a gefen fili duk wasan ƙwallon da za a yi a garin. Tutar ma shi ya ɗinka abarsa da wani jan ƙyalle, yana ajiye ta a ƙarƙashin katifa don kada ta yamutse. Bai taɓa son zama rafali ba. Ya ce rafali gudu yake yi yana bin ƙwallo, shi kuwa gaskiya yake tsaro a kan layi. Satar gida ita ce iliminsa. Matarsa ta sha darasinta da kofuna da murfin kwano a kan tabarmar cin abinci, har ta kai in ya jera kofunan ita take riga shi faɗin wanda ya yi sata.

Bara ne abin ya ɓaci. A wasan shekara da ake yi bayan girbi tsakanin Yammedi da Ruwan Bago, ya ɗaga tuta ya kashe wa Ruwan Bago wata ƙwallo da har mutanen Yammedi suka ce halal ce. Aka tashi wasan ba a gama ba, aka yi jifa da ɓawon rake. Abin da ya ƙara wa maganar gishiri, kocin Ruwan Bago, Awaisu, ƙanin Rumasa'u ne uwa ɗaya uba ɗaya. Tun daga ranar duk zuwan da zai yi gidan yayarsa, daga ƙofa yake ɗaga wa Maharazu hannu yana cewa, "Yaya, yatsu nawa ne nan?" Salisu, shugaban ƙungiyar matasa, ya faɗa wa Maharazu cikin ladabi a gaban dattawa cewa in aka sake rigima bana, tutar za ta koma hannun wani.

Wata uku bayan haka ya je saita dish a wani gida a Karaye. Yana ta sauya tashoshi don ya ga wadda ta kama, sai ya faɗa wata da bai taɓa gani ba. Ga fili fari fat na ƙanƙara, ga wasu ƙarti sanye da sulke suna sulɓi a kan takalma masu wuƙa a ƙasa, kowa da sanda, suna korar wani ɗan baƙin faifai kamar murfin kwalbar man shafawa. Hoki na kan ƙanƙara ke nan. Aka zura faifan a raga, jama'a suka ɓarke da ihu. Sai ya ga an tsaya. Masu lura da layi biyu suka taka gefe, suka sa abin sauraro a kunne, suka duƙa a kan ɗan allon bidiyo. Aka yi ta maimaita hoton a hankali, ana nuna wani shuɗin layi da ya ratsa filin, ana nuna ƙafar wani da ta riga faifan tsallakawa. Aka soke cin. Maigidan yana waje yana zaton aiki ake yi, Maharazu kuwa ya fi awa guda a tsugune gaban talabijin da sukundireba a hannu.

Daga nan ya kamu. Ya sa aka tura masa guntayen bidiyon wasan a 'yar tsohuwar wayarsa, yana kallo yana kara wayar a hancinsa. Ranar da ya kai maganar gaban ƙungiya ina wurin.

"To Baba, ai wannan ita ce na'urar da muke gani a ƙwallon Turai," in ji Salisu.

"Ba ita ba ce. A ta 'yan ƙanƙara, koci ne yake cewa bai yarda ba, a duba. In ya yi gaskiya a gyara. In ya yi ƙarya a fitar masa da ɗan wasa ɗaya, ya zauna minti biyu. Kun ga ba mai yin gardama a banza ke nan."

"Mu ina muka ga ƙanƙara?"

"Ƙanƙarar nake so ko layin? Toka muke da ita."

Ya ce su a wurinsu layin a zane yake ba ya motsi, mu kuwa ɗan bayan ƙarshe shi ne layinmu. Don haka zai ja shuɗayen layuka a ratsa filin, taku goma goma, don in an tsayar da hoto a ga wa yake gaban wa. Aka yi dariya, aka yi musu, aka yarda. Ya ce don ci gaban wasanni ya kawo tsarin, kada a bar Yammedi a baya.

Ni ban yarda don ci gaba ba ne. Na lura da inda muryarsa take yin laushi in yana ba da labarin nan. Ba a kan layin ba ne, ba a kan minti biyun ba. A kan mai lura da layin ne. "Da kansa fa yake kallon kuskurensa," yakan ce. "Ya dawo, a soke, ya koma bakin aikinsa. Ko takalmi ba wanda ya jefe shi da shi." Mutumin da ya tabbata da idonsa ba ya sha'awar wannan. Baba Maharazu ya san idon ya fara tafiya, ya kuma san bakinsa ba zai iya faɗa ba. Sai ya nemo hanyar da in ya yi kuskure za a kama shi a gyara, ba tare da an karɓe masa jan ƙyallensa ba.

Rumasa'u ba ta ba da wayar ba. Ta ce inda wayarta za ta je nan za ta je. Gidan Talatu, aminiyarta, yana jingine da filin firamare inda ake wasan, kuma yana da soro mai rawani inda suke shanya barkono. Nan ta hau ranar Asabar bayan la'asar, ta ja mayafi, ta ɗora gwiwar hannu a kan rawanin, ta saita waya. Suka ɗaura kwando da igiyar guga don saukar da ita in an buƙata.

'Yan Ruwan Bago suka iso a bayan motar ɗaukar rake suna kiɗa da jarkoki. Da suka ga filin sai suka tsaya. Layuka takwas shuɗaye shar, a miƙe kamar an ja da zare.

"Yaya!" Awaisu ya ƙwala wa Maharazu. "Wanki za mu yi ko ƙwallo?"

"Ka dai ja wa yaranka kunne. Yau akwai shaida a sama."

Awaisu ya ɗaga kai, ya hango yayarsa. "Shike nan, mun ci! Alƙaliyar ma tamu ce."

Mintunan farko abin dariya ne. Wani ɗan gaban Yammedi da ya kalli bidiyon ƙanƙarar fiye da kima ya riƙa cin burki a kowane shuɗin layi yana jiran ƙwallo ta wuce tukuna, har sai da kocinsa ya rantse zai cire shi. Masu rake da masu gyaɗa suka yi ciniki. Aka tafi hutu ba ci. Aka dawo, Yammedi ta jefa ɗaya da ka, ba gardama a kanta.

Saura minti shida a tashi aka zura wa ɗan gaban Ruwan Bago wata doguwar ƙwallo daga tsakiya, a can ɗaya gefen, nesa da inda Maharazu yake. Ya kwasa da gudu, ya yanke gola, ya saka ta a raga. 'Yan jarka suka haukace. Ni kuwa Baba nake kallo. Tutar tana ƙasa. Bai bi ƙwallon da ido ba, ya karkata kai gefe guda kamar mai jiran kiran salla daga nesa. Daƙiƙa ɗaya, biyu, uku. Sannan ya ɗaga jan ƙyallen sama, hannunsa a miƙe.

Filin ya kaure. Na ga wani ya sunkuya yana laluben ɓawon rake. Salisu ya dafe kai. Awaisu ya rugo yana buga ƙirji.

"Ban yarda ba! A duba!"

"Ka san sharaɗin?" in ji rafali. "Minti biyu."

"Ko ashirin ne! A sauko da ita!"

Kwandon ya sauko a hankali yana juyawa, da 'yan barkono biyu a ciki tare da wayar. Wanda ya ɗauki ɓawon rake ya yar, ya ruga don ya sami wurin leƙe. Rafali ya riƙe wayar, Maharazu a damansa, Awaisu a hagunsa, Salisu ya buɗe babbar riga ya yi musu inuwa. A bayansu mutum ya fi ɗari, kowa yana kan yatsun ƙafa.

Aka kunna. Aka mayar baya. Aka tsayar daidai inda ƙafar mai bugawa ta taɓa ƙwallo. Ɗan bayan Yammedi yana tsaye a kan layi na biyu daga raga, duga-dugansa a cikin shuɗiyar toka. Ɗan Ruwan Bago kuwa ya wuce layin da taku guda cur.

"Hoton ya karkace," in ji Awaisu. "A sake."

Aka sake, rafali ya ƙure sauti. Sai ga muryar Rumasa'u ta fito daga wayar, ƙasa ƙasa, cike da takaici: "Kash! Ɗan nan ya yi sata. Wayyo Awaisu, ya yi sata wallahi."

Dariyar da aka yi ranar har yanzu ana labarinta. 'Yan Ruwan Bago da kansu suka zube a ƙasa. Awaisu ya ɗaga kai sama ya buɗe hannuwa.

"Yaya Rumasa'u! Nono ɗaya fa muka sha!"

"To ni na ce ya yi sata?" ta amsa daga soro. "Ƙafarsa ce ta ce!"

Aka fitar da ɗan wasa ɗaya ya zauna a kan benci, jama'a suna ƙirga masa minti biyunsa da baki. Aka tashi ɗaya da nema. Awaisu ya zo ya durƙusa a gaban mijin yayarsa, ya ɗaga yatsu uku, ya ce, "Ba sai ka faɗa ba, Yaya, na janye." Salisu ya kama hannun Baba da tutar a ciki ya ɗaga sama. Sai a sannan guɗar ta sauko daga soro, doguwa, har tantabarun makarantar suka tashi.

Washegari da hantsi na gan shi a ƙofar gida da farar riga wadda ba ta sha bula ba, yana goge kujerar babur.

"Baba, barka da nasara. Sai ina?"

"Kano. Asibitin ido."

"Bayan jiya? Ai ka nuna wa duniya idonka garau."

Ya dube ni. Ya san na gan shi.

"Me ka gani a wancan gefen, Baba?"

"Inuwa biyu suna gudu." Ya yi murmushi. "Ƙungiyar ƙaninta ta ci ƙwallo a garin mijinta, saura minti shida. Kai ka san Rumasa'u. Da halal ce, da guɗarta ta riga ƙwallon shiga raga. Na saurara, na ji shiru. Sai na ɗaga."

"Da kuma shirun na wani abu ne daban?"

"Ai shi ya sa na kawo bidiyon. Da an gyara, na koma layina." Ya tura babur ɗin ya fito da shi daga zaure, ya waiwaya cikin gidan, ya sassauta murya. "Baɗi da idona zan ɗaga ta, in Allah ya yarda. Kai dai ka yi a hankali, katangar nan tamu ba ta riƙe magana. In ta ji ita ce ta ɗaga tutar jiya, wallahi baɗi usur za ta ce a ba ta."