Alhaji Hashim Mai Sabulu, Abokin Cin Tuwona

Ranar Talata, 14 ga Janairun 2025, bayan azahar, aka aiko mini cewa Allah Ya karɓi ran Alhaji Hashim mai masana'antar sabulu ta Onitsha, a wani asibiti a Enugu. Na Allah ne mu, kuma can muka nufa gaba ɗaya. Ƙafafuna ba su kai ni jana'izarka ba, Alhaji. Shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Na san ka tun ina rubuta wa fatake wasiƙu a bakin gidan waya, kai kuma kana bin mahauta kana sayen kitsen da suke zubarwa. Ƙudaje na bin rigarka har masallaci. Na sa maka suna Sarkin Kitse, ka rama da Malam Tawada, kuma ba mu daina ba har furfura ta rufe mu. Daga tukunyar sabulu ɗaya a bayan gidanka ka kai ga injuna biyar da ma'aikata fiye da sittin.

Kana son aiki, ba ka ɓoye ba. Ka sha gaya mini cewa ranar da ba ka gaji ba, abinci ba ya yi maka daɗi. Amma dukiya ba ta ruɗe ka ba. Ka ce da ka sayi injin farko ka yi kwana uku kana murna, na biyu kwana ɗaya, na biyar kuwa direba ne ya tuna maka an kawo shi.

Akwai dokarka da 'yan kasuwa ke yi wa dariya. Ƙarfe ɗaya na rana a kashe injuna, a shimfiɗa tabarmi, kowa ya sa hannu a tire ɗaya, Bahaushe da Ibo, manaja da mai shara. Wani injiniya ya taɓa nuna maka asarar da hakan ke jawowa. Ka ce masa, "Injin da ba zai jira mutum ya ci abinci ba, nemo mini mai saye."

Mun sha sa-in-sa. Na ce aiki ya cinye maka ƙuruciyar 'ya'yanka, ka yi fushi wata guda. Ina neman gafararka a kan zafin harshena.

Da matata Barira ta rasu shekara shida da suka wuce, ba mu da ɗa a raye, abinci ya fita raina. Ban gaya wa kowa ba. Kai ka lura wuyan rigata ya yi mini yawa. Daga nan kowace Juma'a sai ga ka a ƙofata da kular tuwo. In cunkoson gadar Head Bridge ya tsare motarka, ka hau babur ɗin okada da babbar riga. "Malam Tawada, wanke hannu, ba zance na zo ba."

Na ɗauka tausayina kawai kake ji. Sai bara, kana suɗe yatsa, ka ce, "Idrisu, a gidana kowa da farantinsa, kowa da wayarsa. Likita kuma ya hana ni zuwa masana'anta. In ban zo nan ba, da wa zan ci?" Na tura maka naman da ke gabana.

Juma'ar da ta wuce Hajiya Na'ima, mai ɗakinka, ta aiko da kular kamar yadda ka saba kawowa, Allah Ya saka mata. Na zauna gaban kular har la'asar ban buɗe ba. Daga baya na ja tabarma zuwa ƙofa, na kira wani mai okada da ke hutawa a inuwa. Ya ci da sauri, ya yi godiya, fasinja ya kira shi ya tafi. Ni ma na ci loma huɗu. Ba wanda ya tsokane ni.

Allah Ya gafarta maka, Hashim. Ya yalwata kabarinka, Ya ciyar da kai daga abincin Aljanna kamar yadda ka ciyar da bayinSa. Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Na'ima, da 'ya'yanka Yahya da Kamila da ƙannensu, da ma'aikatanka, da dukan jama'armu ta Onitsha. Allah Ya ba ku haƙuri. Ni kuma, in tawa ta zo, Allah Ya sa in cika da imani, Ya zaunar da ni kusa da kai.

Malam Idrisu Ahmad,
Head Bridge, Onitsha.